Alyasa'u, Annabin da Ya Rasa Takwara a Zangonmu

   Mu ɗaliban babban aji ne muka haɗa kai muka rubuta wannan, kuma maganar suna muka kawo. Yaro bai cika buɗe baki a gaban manya ba, mun sani. Amma tunda an ba mu shafi, muna roƙo a yi haƙuri a saurare mu har ƙarshe.

Babu ɗan makaranta a Zango da bai haddace annabawa 25 da Alƙur'ani ya ambata da suna ba. Tun muna ajin ƙanana ake sa mu jera su, daga Annabi Adamu har zuwa Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare su. To, a ɗauki jerin nan a shiga Nima da shi, a bi ta Mamobi, a gangaro New Town, a tsaya bakin kasuwar Malam Atta a riƙa kiran sunayen ɗaya bayan ɗaya. Adamu, za a amsa. Iddrisu, za a amsa daga wuri uku. Nuhu, Salihu, Ibrahim, Yakubu, Yusufu, Musa, Haruna, Sulemana, Isa, kowanne sai an samu mai juyowa. Muhammadu kuwa ba a magana, rabin kasuwa ce za ta waiwayo. Amma a kira Alyasa'u a gani. Sai dai mai tumatir ta ɗaga kai ta ce, "Wa kake nema?"

Sunaye uku ne a jerin suka yi ƙaranci a wajenmu: Ludu, Zulkifilu da Alyasa'u. Na Annabi Ludu yana da dalilinsa da manya suka sani, wannan maganar wata rana ce. Zulkifilu akan ji shi jefi-jefi. Alyasa'u kuwa, mutum zai iya girma a nan birnin Accra, Ankara kamar yadda kakanninmu ke faɗi, ya yi aure ya haihu bai taɓa gaisawa da mai sunan ba. Ra'ayinmu shi ne wannan rashi ne a gare mu, kuma gyaransa yana hannun iyayenmu da malamanmu.

Wane ne Annabi Alyasa'u

Sau biyu Allah ya ambace shi a Alƙur'ani. Na farko a Suratul An'am, aya ta 86 a lissafin Hafsu, tare da Isma'ila da Yunusa da Ludu, inda Allah ya ba da labarin ya fifita kowannensu a kan talikai. Na biyu a Suratu Sad, aya ta 48, tare da Isma'ila da Zulkifilu, inda aka umarci Annabinmu ya ambace su, aka kuma shaida dukkansu zaɓaɓɓu ne. A lura da wannan na biyun. Umarni ne a ambaci Alyasa'u, mu kuwa sunan ya fita daga bakinmu in ba ranar jarrabawar tauhidi ba.

Malaman tafsiri da tarihi, irin su Ɗabari da Ibn Kasir, sun kawo cewa shi daga Bani Isra'ila yake, ana ce masa Alyasa'u ɗan Akhɗubu, kuma almajirin Annabi Ilyasu ne. Annabi Ilyasu shi ne wanda ya yi wa mutanensa faɗa a kan bautar gunkin nan Ba'alu, kamar yadda ya zo a Suratus Saffat, kuma malamai da dama sun ce mutanen Ba'alabak ne, garin da ke ƙasar Labanan a yau. Alyasa'u ya lizimce shi, ya yi masa hidima, bayan tafiyarsa kuma Allah ya ba shi annabci ya ci gaba da kiran mutanen nan zuwa ga tauhidi. Ashe ke nan a cikin annabawa akwai wanda tarihinsa ya fara da zama gaban malami. Wa ya fi mu 'yan makaranta cancantar riƙe sunansa?

A littattafan Ahlul Kitabi ana kiransa Elisha, kuma sun sa zamaninsa wajen shekara 850 kafin haihuwar Annabi Isa. Sun kawo labarai da yawa a kansa: ya gyara ruwan garin Ariha da ya lalace, ya sa wani babban hafsan yaƙi mai kuturta ya yi wanka a kogin Urdun ya warke, ya taimaki wata gwauruwa da bashi ya yi wa katutu da ɗan man da ya rage mata. Malamanmu sun koya mana hukuncin irin waɗannan labarai: abin da bai saɓa wa Alƙur'ani ba, ba mu gaskata shi kai tsaye, ba mu kuma ƙaryata shi. Har yau akwai maɓuɓɓugar ruwa a Ariha, a ƙasar Falasɗinu, wadda Larabawa ke kira Ainus Sulɗan, Kiristoci kuma suna jingina ta ga wannan annabi.

Abin da sunan ke nufi

Kamar Ibrahim da Isma'ila da Is'haka, asalin sunan ba Larabci ba ne a wajen yawancin malamai. Daga harshen Ibraniyawa ya fito. Masana wannan harshe sun ce gaɓa biyu ce: ta farko "Eli", wato Allahna, ta biyu kuma daga kalmar ceto. In an haɗa, ma'anar ita ce "Allahna shi ne mai ceto". Wannan "El" ɗin shi ne muke ji a ƙarshen Isma'ila, wanda ke nufin Allah ya ji, da Jibrilu da Mika'ilu. Kalmar ceton kuwa ita ce tushen sunan Yusha'u. Don haka Alyasa'u da Yusha'u 'yan gida ɗaya ne a wajen ma'ana.

Wasu malaman Larabci kuma sun ce daga fi'ilin "yasa'u" ne, wanda ke nufin yalwa, aka ɗora masa alif da lam. Duk wanda aka ɗauka cikin biyun, babu na yarwa. Uban da ya raɗa wa ɗansa Alyasa'u, ko dai kullum yana shelar Allah ne mai ceto, ko kuma yana yi wa ɗan fatan yalwa.

Ga wata fa'ida ga masu tajwidi. A ruwayar Warshu, wadda kakanninmu suka yi karatun allo da ita, da ruwayar Hafsu da yawancinmu ke yi yanzu, da lam ɗaya mai ɗauri ake karanta sunan. Amma Hamza da Kisa'i, cikin maƙaranta bakwai, suna karanta shi da lam mai shadda, kamar a ce Allaisa'u. Dukkansu karatu ne ingantacce.

Me ya sa ya yi ƙaranci

Amsar da aka fi ba mu ita ce, "Ai sau biyu kawai ya zo a Alƙur'ani." Gaskiya ne akwai bambanci. An ambaci Annabi Musa sau 136, Annabi Ibrahim sau 69, Annabi Nuhu sau 43. Yaron da ya faro karatu daga ƙasa, tun a izun farko, a ƙarshen Sabbi, zai haɗu da Ibrahim da Musa. Amma sai ya shiga izu na 15 kafin ya iso Suratu Sad ya haɗu da Alyasa'u. Mu duka mun san yara nawa ne sukul ko koyon sana'a ke janyewa daga makaranta kafin su kai nan.

To amma wannan amsa ba ta ƙosar ba. Annabi Idrisu ma sau biyu aka ambace shi, a Suratu Maryam da Suratul Anbiya, kuma surorin nan sun fi Sad nisa ga mai tahowa daga ƙasa. Duk da haka, akwai sunan da ya cika Ghana kamar Iddrisu? Daga Tamale har Kumasi har nan, a majalisa akwai shi, a filin ƙwallo akwai shi, a tashar trotro akwai shi. Ga kuma Yusha'u da Shitu da Halliru, waɗanda Alƙur'ani bai kira su da suna ba ko sau ɗaya, amma duk sun fi Alyasa'u sanuwa a cikin Hausawa da Yarbawa. Sunan Muhammadu kansa sau huɗu ya zo, Ahmadu sau ɗaya. Kun ga ke nan ba yawan ambato ke yaɗa suna ba.

Mu a ganinmu takwara ce ke yaɗa suna. A tuna yadda ake yi a gidajenmu. An yi haihuwa, ana jiran kwana bakwai. Uba zai zauna da mahaifinsa ko yayansa, a ce a mayar da sunan kaka, ko na kawu da ya rasu, ko na malamin da ya karantar da shi, ko na maigidan da ya riƙe shi lokacin da ya sauka Ankara ba shi da kowa. Ranar suna bayan Asuba liman ya yi addu'a, a yanka rago, wanzami ya yi aski, a raba goro da dabino, mata su fito da koko da pinkaso. Sunan da aka faɗa a wajen, kusan kullum sunan wani ne da aka sani. Wannan al'ada ce mai kyau, da ita muke riƙe zumunci, da ita muke tuna mamatanmu. Amma tana da wani sakamako da ba a lura da shi ba. Sunan da ke da masu shi da yawa, gobe ƙaruwa zai yi. Sunan da ba shi da kaka ko ɗaya a unguwa, ba zai samu jika ba. Haka abin ke juyawa shekara da shekaru, mai yawa yana ƙara yawa, maras kowa yana ƙara ɓacewa.

Shi ya sa Muhammadu ya yi yawa a gida ɗaya har sai da aka koma ƙirga su da Larabci: Auwal, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu. Shi ya sa kowane babban suna ya samu laƙabinsa, Abubakar ya zama Garba ko Bukari, Umaru ya zama Sanda ko Imoro, Usmanu ya zama Shehu, Idrisu ya zama Idi, Ilyasu ya zama Ilu. Alyasa'u ko laƙabi bai samu ba, don ba a kira shi da yawan da baki zai gajarta shi ba.

Manyan mutane su ne ke buɗe wa suna hanya. Usmanu ya zama Shehu saboda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Tijani ya shiga gidajenmu saboda Shehu Ahmadu Tijani da ya rasu a Fas a 1815. Inyas da Barhama sun shigo saboda Shehu Ibrahim na Kaulaha da ya rasu a 1975. Waɗannan ba sunayen kakannin kakanninmu ba ne. Wani uba ne ya fara, saura suka bi.

Akwai wani misali a tarihi da ya ba mu mamaki. A ƙasar Maroko, a zamani guda, an yi sarakuna biyu. Ɗaya shi ne Idrisu na biyu, wanda ya raya birnin Fas, ya rasu a 828. Ɗayan kuma sunansa Alyasa'u ɗan Abul Ƙasim, sarkin Sijilmasa, wanda ya yi mulki daga wajen 790 zuwa 823, ya kewaye birnin da ganuwa, ya gina masallacin Juma'a. Sijilmasa ba ƙaramin gari ba ne a lokacin. Daga nan ayarin raƙuma ke tasowa su keta Sahara su je sayen zinariya a tsohuwar daular Ghana, wadda ƙasarmu ta ari sunanta a 1957. A gidan sarautar an sake yin wani Alyasa'un, wanda Faɗimawa suka kawar a 909. To, Idrisu sharifi ne, zuriyarsa ta bazu, kabarinsa na nan a Fas ana ziyarta, kuma daga baya aka samu irin su Mai Idris Aloma na Borno suka ƙara wa sunan nauyi a ƙasashenmu. Gidan su Alyasa'u kuwa ya ƙare, Sijilmasa ta zama kufai. Sunaye biyu na annabawa, kowanne sau biyu a Alƙur'ani, ɗaya ya samu magada, ɗaya bai samu ba.

A wasu ƙasashen Musulmi sunan bai mutu ba. Turkawa, waɗanda da taimakonsu aka gina Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda aka buɗe shi a 2021, suna sa wa 'ya'yansu Elyesa. A garin Egil kusa da Diyarbakir akwai kaburbura biyu da mutanen wajen ke jinginawa ga Annabi Alyasa'u da Annabi Zulkifilu. A 1995, da ruwan madatsar kogin Dijla zai rufe wajen, sai da aka mayar da su kan tudu. Inda ake ambaton mutum, sunansa ba ya ɓata.

Abin da mai sunan ke sha

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa, suna ai suna ne. Abin damuwar shi ne akwai 'yan ƙalilan da ke ɗauke da sunan a cikinmu, kuma ba su jin daɗi.

Mun san wani gida a nan unguwa da aka raɗa wa yaro wannan suna, don kakansa malami ne, shi ya zaɓa. A layi yara suka mayar da shi "Alasa", wannan 'ya'yan itacen mai tsami da danƙo da ake sayarwa a bakin titi, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira agwaluma. In ya wuce sai a ce, "Alasa, nawa-nawa?" A sukul an rubuta shi Alhassan, don shi ne sunan da kunnen mai rubutun ya saba da shi. A katin asibiti an sa Iliasu. A takardar haihuwa kuma wani abu ne dabam. Yanzu yaro ɗaya yana da suna uku a takarda, babu nasa a ciki. Mahaifinsa ya fara cewa gara a bar shi a Alhassan ɗin kowa ya huta, kafin lokacin rajistar BECE ya zo.

Mun fahimci uban. Duk wanda ya taɓa neman Ghana Card ko fasfo ya san abin da harafi ɗaya ke jawowa. In takardu suka saɓa, sai an je an yi takardar rantsuwa, a buga a Gazet, a kashe kuɗi, a yi ta sintiri. Ana iya rasa gurbin karatu a Madina ko Azhar a kan irin wannan. Amma a duba abin da zai faru in ya canza. Yaron nan shi kaɗai ne zai iya zama kakan da gobe za a mayar da sunansa. In ya koma Alhassan, an ƙara ɗaya a kan dubbai, an kuma tsinke igiya guda da ta rage.

Maganar tsokana kuwa ta fi ta takarda nauyi. Suratul Hujurat, aya ta 11, ta hana mu jifan juna da miyagun laƙubba. Wannan a kan kowane suna ne. To ina ga sunan annabi? Yaron da ke cewa "Alasa" bai san abin da yake taɓawa ba. Da ya san sunan wanda Allah ya zaɓa ne yake wasa da shi, wallahi da bakinsa bai iya ba. Babu yaron Zango da zai yi wa sunan Musa ko Isa haka a bar shi ya kai gida lafiya. Ƙarshen Suratul Baƙara da muke karantawa kowane dare yana koya mana ba mu rarrabewa tsakanin manzannin Allah. Ya kamata a ga alamar hakan a yadda muke girmama sunayensu.

Uzurorin da muke ji

Na farko, wai sunan yana da wuya. Haba! Bakin da ke iya faɗin Abdulmuɗɗalibi da Zulkarnaini da Nuruddini, Alyasa'u ne zai gagare shi? Gaɓa huɗu ce, daidai da Sulemana. Rashin sabo ne kawai, kuma sabo da ji ake samunsa.

Na biyu, wai ya yi kama da sunan Kiristoci, tunda maƙwabtanmu suna sa Elisha. To ai suna sa Moses da Joseph da Abraham da David ma, ba mu bar Musa da Yusufu da Ibrahim da Dawuda ba. Annabawan nan namu ne, imani da su rukuni ne. Mu da muke zaune gida ɗaya da Ga da Ashanti da Ewe, muna ɗiban ruwa a famfo ɗaya, in yaronmu Alyasa'u ya tarar da Elisha a aji, ai hanyar hira ce ta samu. Babban Limamin Ƙasa, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, da ya cika shekara 100 a 2019, har cocin Christ the King ya je don ƙarfafa zaman lafiya, kuma ba abin da ya ragu a addininsa. Haɗuwa a sunan annabi ba za ta rage namu ba.

Na uku, wai Abdullahi da Abdurrahman su ne sunayen da Allah ya fi so. Haka ne, ya tabbata a Sahihu Muslim, kuma babu mai ja. Ba mu ce a bar su ba, ba mu ce a bar Muhammadu ba, Allah ya kiyaye. Amma Annabi da kansa ya sa wa ɗansa Ibrahim, ya kuma sa wa ɗan Abu Musal Ash'ari Ibrahim. Sahabi Ɗalha ɗan Ubaidullahi, ɗaya daga cikin goma da aka yi wa bushara da Aljanna, ya bi sunayen annabawa yana sa wa 'ya'yansa: Muhammadu, Musa, Isa, Yahaya, Zakariya, Yusufu, Yakubu, Isma'ila, Is'haka. Gidan da Allah ya ba 'ya'ya maza biyar ko shida, akwai wurin da Alyasa'u zai shiga ba tare da an ture kowa ba.

Na huɗu shi ne ya fi ƙarfi, kuma iyayenmu mata ne suka fi faɗinsa: "Ni ba zan sa wa ɗana sunan da za a riƙa yi masa dariya ba." Mma, kin yi gaskiya, tausayi ne ya sa ki faɗi haka, kuma haƙƙin ɗa ne a zaɓa masa suna mai kyau. Sai dai a nan sunan ba shi da aibi. Jahilcin masu dariyar ne matsalar, kuma wannan makaranta aikinta ke nan, kawar da jahilci. Ranar da aka samu Alyasa'u uku a layi ɗaya, dariyar ta ƙare.

Abin da ya ƙara sa mu rubuta wannan shi ne, a zamanin nan iyaye matasa da kansu suna neman sunan da ba kowa ke da shi ba. Mace na da ciki wata bakwai, ana ta latsa waya ana neman suna a intanet. Wani daga fim ɗin Indiya da ake fassarawa da Twi a talabijin yake ɗaukowa, wani daga na Turkiyya, wani daga ɗan ƙwallo. Akan zo wa liman da suna ranar bakwai, ya tambayi ma'anarsa, uba ya ce, "Malam, a waya muka gani, ya yi daɗi ne." Son sunan da ba a saba ji ba, ba laifi ba ne. Amma in baƙon suna ake so, mai daɗin faɗi, mai ma'ana, mai asali, ga shi nan a cikin Mus'hafin da ke kan kanta a ɗaki.

Mu dubi maƙwabtanmu. Ba su wasa da suna. Mutumin Akan yana jin Kwame Nkrumah ya san an haife shi ran Asabar, kuma sunan ɗa na tara yake ɗauke da shi. Mutanen Ga suna fito da jariri rana ta takwas, sunan da za a ba shi yana faɗin gidansu da matsayinsa a haihuwa. A watan Janairun 2018, da aka ji ofishin rajistar haihuwa ya ƙi karɓar irin su Nana da Nii da Maame a kan cewa laƙabin sarauta ne, ƙasar nan ta ɗauki zafi, magana ta kai majalisa, aka janye dokar. Sun tsaya wa sunayen kakanninsu. Mu ma muna da abin tsaya wa.

Roƙonmu

Ga malamanmu, Allah ya ƙara muku lafiya: idan an zo darasin annabawa, muna roƙo a tsaya a kan waɗanda ba su da dogon labari, a ba su ranarsu. A gaya wa ƙanana wane ne Alyasa'u, wane ne Zulkifilu, a nuna musu ayoyin a Mus'hafi su gani da idonsu. Kuma in uba ya zo ya ce, "Malam, zaɓa mini suna," kamar yadda ake yi, a tuna da wannan.

Ga iyayenmu maza: wanda ya riga ya mayar da sunan mahaifinsa da na surukinsa, Allah kuma ya ƙara masa wani ɗan, ya gwada zama na farko. Kowane suna da ya cika Zango yau, akwai ranar da mutum ɗaya ne ke da shi. In an sa kuma, a rubuta shi a takarda tun daga gida, da Larabci da boko, a miƙa wa ma'aikaci ya kwafa, kada a bar shi ya rubuta abin da kunnensa ya ji. A yi rajistar haihuwa kafin yaro ya cika shekara, lokacin da ake yin ta kyauta, a duba rubutun kafin a bar wajen. Muna ba da shawara a tsaya a kan rubutu ɗaya: Alyasa'u a Hausa, Alyasau a takardun hukuma, kuma abin da ke takardar haihuwa shi za a kai asibiti da sukul da makaranta, harafi da harafi.

Ga iyayenmu mata: ku ne ke kiran yaro sau ɗari a yini, sunan da kuka kira shi ne ke zama. In babu alkunya a ciki, a kira shi da cikakken sunansa, unguwa ta saba.

Ga 'yan'uwanmu ɗalibai, manya da ƙanana: duk wanda ya ji ana juya sunan wani a layi ko a filin ƙwallo, ya hana, ko da mai yin ya girme shi. A faɗa da ladabi, "Ɗan'uwa, sunan annabi ne fa." Yawanci wannan kaɗai ya isa. Mu kuma na babban aji, nan da 'yan shekaru in Allah ya yarda mu ne za a riƙa yi wa barka. Sai mu riƙe wannan shafi, kada a zo ranar a tarar mun manta abin da muka rubuta da hannunmu.

 Allah ya raya mana ƙannenmu, ya sa su yi halin masu sunansu. Allah ya zaunar da Zangonmu da ƙasarmu Ghana lafiya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Alyasa'u da malaminsa Annabi Ilyasu, da cikamakin annabawa, Shugabanmu Muhammadu.



Daga ɗaliban babban aji.